Yadda ake sauke abin da ya tokare maƙogwaro da murya

Ranar da Baba ya rasu ban yi kuka ba. Ni ne babba a gida, ni na tsaya kan wanka da likkafani, ni na shiga kabari na karɓe shi, aka dawo na zauna kan tabarma a ƙofar gida kwana uku ana zuwa ana cewa ya haƙuri ina cewa da godiya, har ina jin dattawan unguwa suna cewa kai yaron nan akwai dauriya. Wata huɗu bayan nan wani abu ya zo ya tsaya min a maƙoshi kamar lomar tuwon da ta ƙi wucewa, in sha ruwa yana nan, in haɗiyi yawu yana nan, ƙirjina kamar an ɗora buhun siminti, yara su yi ɗan motsi in daka musu tsawa sannan in koma ɗaki ina jin haushin kaina. Na je asibiti aka auna jini aka yi gwajin zuciya aka leƙa maƙogwaron, ba a ga komai ba. Sai wani dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwano yana ta ƙara, na tashi nafila na ɗaga murya tunda na san ba mai ji na, ina zuwa ƙarshen Fatiha inda ake jan "walad dallin" ɗin nan kawai muryata ta karye, wani irin nishi ya fito daga can ƙasan cikina wanda ban taɓa jin irinsa a bakina ba, na durƙushe na yi kukan da ya kamata in yi tun wata huɗu. Da asuba na haɗiyi yawu na ji hanya a buɗe.

Tun daga nan na shiga bin abin a hankali, ina karantawa ina gwadawa, kuma abin da zan jero maka a nan shi nake yi har yau in na ji abu ya fara taruwa. Ba ya buƙatar kuɗi ko kayan aiki, minti goma sha biyar zuwa ashirin ne.

Kafin komai, in ciwon ƙirjin naka yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, ko yana zuwa da gumi da sarƙewar numfashi, ko abinci ne da gaske ba ya wucewa kana ramewa, to wannan ba maganar zama kan tabarma ana "mmm" ba ce, ka tafi asibiti yau. Ni ma sai da likita ya duba ni.

To abu na farko, wuri. Kuma wallahi wannan shi ne ya fi wuya a wajenmu, don gidajenmu ba su san sirri ba, gidan haya ne ko gidan yawa, katanga ɗaya ta raba ka da maƙwabci, kana ɗaga murya an taru a ƙofar ɗaki, wani ya ce a kira mai ruƙiyya iska ce ta taɓa shi. Tsoron wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ƙara ƙulle bakinsa. Saboda haka ka nemi lokacin da wata ƙara za ta rufa maka asiri: lokacin da aka tada janareta, ko ana ruwan sama kan kwano, ko cikin mota ka faka ka ɗaga gilashi (a fake fa, ba kana tuƙi ba), ko a gona in ka yi nisa da mutane. Mace in yara sun tafi makaranta maigida ya fita, ki tura ƙofa ki kunna fanka ko rediyo. In duk babu, filo ya isa, ka rungume shi ka kifa fuska a ciki. Banɗaki da famfo a buɗe ma yana yi wa wasu, amma a can sauti kawai za ka yi, ban da karatu da ambaton Allah. Ka kashe waya, ka ajiye ruwa a kofi kusa da kai.

Na biyu, ka zauna ka nemo inda abin yake. A ƙasa ka jingina da bango ko kan kujera ƙafa biyu a ƙasa, ka sassauta mazagi ko ɗaurin zani, hannu ɗaya kan ƙirji ɗaya kan cibiya. Kar ka fara tunanin wa ya yi min me, bar labarin tukuna, jikin za ka tambaya. Ina ne ya ɗaure? Wasu a maƙogwaro, wasu a tsakiyar ƙirji, wasu a ƙahon zuciya kamar olsa, wasu kuma haƙoransu ne a datse ba su ma sani ba sai an ce su saki. Ka ba shi maki daga 1 zuwa 10 don in ka gama ka iya kwatantawa, ni nakan fara a 7 ko 8.

Na uku ajiyar zuciya, irin wadda jiki yake yi da kansa bayan yaro ya gama kuka, ka lura yakan ja iska sau biyu a jere sannan ya sake ta da tsawo. Ita za ka yi da gangan. Ka shaƙi iska ta hanci har ciki ya ɗago hannunka, kafin ka sake ka ƙara ɗan shaƙa kaɗan a kai, sannan ka buɗe baki ka sake ta a hankali da sauti, "haaaa", har ta ƙare tas. Sau biyar zuwa goma. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi inda suka sa mutane yin irin wannan numfashin minti biyar kullum har tsawon wata guda, kuma waɗanda suka yi shi sun fi samun sauƙin rai a kan waɗanda aka ce su zauna shiru kawai suna lura da numfashinsu. Dalilin a jiki yake: duk lokacin da kake shaƙa bugun zuciya yana ɗan ƙaruwa, lokacin da kake saki yana raguwa, to in ka tsawaita sakin ka ba zuciya damar sassautawa kenan. Mai riƙe da wannan birkin wata doguwar jijiya ce da likitoci ke kira bagus, ta goma cikin jijiyoyi goma sha biyu da suka fito daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya ta sauka zuciya da huhu da ciki, kuma reshenta ne yake motsa naman muryar da ke cikin maƙogwaro. Kar ka yi sauri a nan, in ka dinga zuƙar iska da ƙarfi kai da kai jiri zai ɗebe ka yatsu su fara tsami, in ka ji haka ka tsaya ka koma numfashinka na kullum.

Na huɗu, kuma nan ne nake so ka daɗe, ka rufe baki ka yi "mmmm". Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san gunna, sautin nan da yake fita ta hanci a kan mimun da nunun masu shadda, to shi ne dai, sai dai a nan ba haraka biyu za ka ja ba, za ka ja shi har iskar ta ƙare. Leɓe a haɗe, haƙora a rabe, harshe a kwance. Ka nemi murya ta ƙasa, ba siririya ba, irin wadda uwa take yi in ta goya jariri tana jijjiga shi tana bubbuga bayansa. In ka dace da ita za ka ji zirrr a leɓenka da karan hanci, hannun da ke kan ƙirji ma zai ji rawar. Daga nan sai ka yi ta wasa da ita, ka ɗan hau ka ɗan sauka, har ka samu muryar da ta fi taɓa daidai wurin nan da ya ɗaure, sai ka tsaya a kanta. Ni tawa tana can ƙasa sosai, a ƙarƙashin ƙashin ƙirji nake jinta. Ka ƙirga huɗu kana shaƙa, shida ko takwas kana gunna, ka yi minti uku zuwa biyar. Wasu likitoci biyu a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, Weitzberg da Lundberg, sun auna a 2002 suka ga wannan gunnar tana ninka wata iska mai suna naitirik oksaid a cikin hanci kusan sau 15 a kan numfashin shiru, saboda rawar sautin tana kaɗa iskar da ke cikin kogunan ƙashin fuska. Wato ba a kunne kawai abin yake tsayawa ba, yana girgiza jikin da gaske.

A wannan matakin za ka iya fara hamma ba ƙaƙƙautawa, ko gyatsa, ko ido ya kawo ruwa ba tare da ka ji kana kuka ba, ko ciki ya yi ƙugi. Ka bar su, alamar jiki ya fara saki ne.

Na biyar ka buɗe bakin. Daga "mmm" ka zarce "maaaa", muƙamuƙi a sake kamar mai hamma, in ya ƙi saki ka sa yatsu ka murza gefen kunnuwa inda yake haɗuwa. Yanzu fa ba waƙa kake ba, ba wanda zai ba ka maki, saboda haka kar ka gyara sautin. In ya koma nishi irin na mara lafiya bar shi, in ya koma gurnani bar shi, in muryar ta fara rawa tana karyewa to nan ne ake so, kuma daidai nan ne za ka ji kana son ka yi gyaran murya ka haɗiye ka miƙe ka ce ai ya isa. Wannan haɗiyewar ita ce ta kawo ka nan tun farko. Ka ƙara jan numfashi ɗaya ka bi ta cikin karyewar. Sautin daga ciki zai taso, kamar yadda ɗan dako yake nishi in zai ɗaga buhu, ba daga maƙogwaro ba, in ka ji maƙogwaro yana kartawa ko zafi to matsawa kake, ka rage ƙarfi ka kurɓi ruwa.

Ni abin da na daɗe ina tunani shi ne iyayenmu mata sun san wannan tun kafin wani ya auna shi. Kakata tana da dutsen niƙa a bayan ɗakinta, ina yaro in ta durƙusa tana niƙa gero za ka ji tana waƙa ƙasa-ƙasa, jikinta yana gaba yana baya, numfashinta yana bin dutsen, wani lokaci hawaye na bin fuskarta ta sa gefen zani ta share ba ta daina ba. Sai da na girma na gane abin da ke cikin waƙoƙin niƙa da na daka, habaici ga kishiya, kewar gida, ɗan da ya tafi bai dawo ba, maganar da kunya da kawaici ba za su bari mace ta faɗa wa miji ko uwar miji ido da ido ba, sai ta ba dutse da turmi. Yanzu inji ne yake niƙa, turmi ya yi ƙaranci, mace tana ɗaki da waya a hannu, abin yana ciki ba ƙofar fita, sai mu ji wai hawan jini wai olsa.

Na shida, ka ba abin suna da baki. Ba a zuci ba, da murya yadda kunnenka zai ji. Gajeru: "ina jin haushi." "Ina jin tsoro." "Na gaji." "Ina kewarka Baba." Za ka yi mamakin yadda kalma uku za su yi nauyi a harshe, ni "ina kewarka" sai da na yi ƙoƙari sau huɗu kafin ta fita gaba ɗaya. A 2007 wani masani, Matthew Lieberman, da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles sun duba ƙwaƙwalwar mutane da na'urar hoto suka ga idan mutum ya ambaci sunan yanayin da yake kallo, kamar fushi ko tsoro, sashen ƙwaƙwalwar da ke kaɗa ƙararrawar haɗari yakan lafa. In akwai wanda kake da magana da shi, rayayye ko mamaci, ka faɗa kamar yana gabanka, duk abin da ba ka samu faɗa ba. Sannan ka juya ka kai wa Allah, da Hausarka, yadda ta zo.

Na san a nan wani zai ce to ina haƙuri, ba an ce mu yi haƙuri ba? Ni ma wannan ne ya ɗaure ni wata huɗu. Amma ka buɗe Suratu Yusuf. Annabi Yaƙub, alaihis salam, shi ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ɗin dai a aya ta 84 ya juya ya ce ya baƙin cikina a kan Yusuf, har idanunsa suka yi fari, da 'ya'yansa suka yi masa magana ya ce a aya ta 86 shi ga Allah kaɗai yake kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya hawaye ya zubo masa, Abdurrahman bin Auf ya ce har kai ya Manzon Allah, ya ce masa wannan rahama ce, ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Akwai ma sahabin da ya ce ya same shi yana salla ƙirjinsa yana ƙara kamar tafasar tukunya saboda kuka. Abin da aka hana sananne ne, kururuwar makoki da marin fuska da yaga tufafi da maganar da ke nuna ƙin yarda da ƙaddara. Tsakanin wannan da datse haƙora akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa muke wannan aikin.

In kana da karatu, wannan lokacin ne mai kyau ka karanta abin da ka haddace a bayyane, a hankali, ka ba kowane maddi da gunna haƙƙinsa. Karatu ibada ne da niyyarsa, ba motsa jiki ba, amma jikin ma yana samun rabonsa, don ba ka iya jan maddi mai tsawo sai da dogon numfashi. Wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya nuna a 2001 cewa masu maimaita addu'a a bayyane da carbin Katolika numfashinsu yakan sauka zuwa kusan shida a minti, alhali babban mutum a zaune yakan yi 12 zuwa 20. 'Yan'uwa Kirista kuma Zabura ko waƙar coci da kuka saba da ita, a rera ta a hankali.

In kuka ya zo, ka bar shi ya zo da sautinsa, da shessheƙa da majina da komai, kar ka toshe baki sai dai da filo saboda maƙwabta. Yakan zo ne kamar igiyar ruwa, ya hau ya sauka ya sake hawa, kuma yana ƙarewa da kansa. In bai zo ba kar ka matsa, ba kowace rana ba ce, wani sai a zama na biyar ko na shida.

Fushi kuma daban ne, a nan nake so a yi hattara. A Amurka wajen 1970 wani mai suna Arthur Janov ya yi tashe da cewa maganin ciwon rai shi ne mutum ya ƙwala ihu iya ƙarfinsa, mutane suka yi ta tururuwa, har yanzu za ka ga bidiyo ana cewa ka yi ihu ka daki filo ka fasa kwalba. Amma a 2002 Brad Bushman ya gwada, ya sa aka ɓata wa ɗalibai rai, wasu ya ce su daki buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu, wasu su zauna shiru, sai ga shi masu dukan sun fi fita da fushi. Ka ga ya yi daidai da abin da aka koya mana, mai fushi ya nemi tsari, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, in bai wuce ba ya kwanta. Saboda haka in jininka yana tafasa yanzu-yanzu ba lokacin buɗe baki ba ne, ka zauna ka tsaya a ajiyar zuciya da gunna kawai. Tsohon fushin da ya kwana ya wuni a ciki shi ake fitarwa da gurnani mai ƙasa, a hankali, kana jin jikinka ba kana maimaita fim ɗin abin da aka yi maka ba. Ma'aunin mai sauƙi ne, in sautin yana sa kafaɗunka suna sauka ci gaba, in yana ƙara maka zafi kana shirya abin da za ka faɗa wa mutumin gobe, tsaya. Ihu da ƙarfi kuma yana iya ji wa naman murya ciwo, kuma duk muryar da ta dishe ta wuce sati uku sai an kai wa likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Na ƙarshe, saukowa, kar ka tsallake shi ka faɗa cikin mutane da jajayen idanu. Ka koma "mmm" mai laushi sau biyar, ka yi shiru minti biyu, ka buɗe ido ka kalli abubuwan da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya kana kiran sunansu, ga ƙofa, ga buta, ga darduma. Ka sha ruwan nan, ka yi alwala ko ka wanke fuska da ruwan sanyi. Sannan ka sake duba makin, in daga 8 ya dawo 6 an samu aiki. Gajiya za ta biyo baya kamar ka yi noma, shi ya sa na fi son yin sa bayan isha'i.

Sau biyu ko uku a sati ya isa ga cikakken zaman, gunna da ajiyar zuciya kuwa kullum ne, a go-sulo, a layin banki, kana wanke-wanke, ba wanda zai ma lura.

Amma akwai waɗanda ba zan so su yi mataki na biyar da na shida su kaɗai ba. Wanda ya fito daga hannun masu garkuwa, wanda aka kashe nasa a gabansa, wadda aka yi wa fyaɗe, in ka rufe ido abin yana dawo maka kamar yanzu yake faruwa, jiki ya ɗauki ɓari ko ka ji kamar ba ka cikin jikinka, to ka buɗe ido nan take ka taka ƙasa ka tsaya a gunna, sauran sai da wanda ya san aikin a kusa. Haka in ka wuce sati biyu ba barci ba cin abinci ba abin da ke maka daɗi, ko tunanin gara ka mutu ya fara zuwa, ka faɗa wa wani na kusa yau kuma ku je asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, akwai Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen. Ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kaiwa can ba, masu irin damuwata da taka suna zuwa su ga likita su koma gida a ranar.

In kuma wani naka ne ka ji yana wannan nishin a ɗaki, ko ƙaninka ko matarka ko ma mahaifiyarka, kar ka banko ƙofa kana yi shiru yi haƙuri. Ka ɗebo ruwa a kofi ka zauna a bakin ƙofa, in ta fito ka miƙa mata, ka ce sannu.